Waiwaye: Yadda Kulorokwin Ya Daina Ci

Tun da aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisun Tudun Wada da Unguwar Sanusi a nan Kaduna. Zargin ɗaya ne: wai masana ba su da tsayayyar magana, jiya kulorokwin, yau haɗin magungunan zazzaɓin da ake kira ACT, ga kuma allura.

Farkon labarin sananne ne. A 1880 wani likita Bafaranshe mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya, a 1897 likitan Birtaniya Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya, aka daina ɗora laifi kan iskar fadama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kulorokwin ya bazu, ga araha ga ci.

Abin da ake tsallakewa ya faru ne shiru. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar ta fara jure maganin a iyakar Tailan da Kambodiya. A 1978 aka ga haka a Gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 ta iso mana. Mu kuma muka shimfiɗa mata tabarma. Ina yaro, na sha ganin uwa ta shigo kemis da goyo, jikinsa kamar garwashi, ta ce, "Malam, a ba ni na kuɗina," mai kemis ya naɗe mata ƙwaya biyu a takarda. Manya kuwa ƙaiƙayin kulorokwin ke korarsu. Da zarar an kwana ana susa, sai a jefar da sauran. Rabin magani raunanan ƙwayoyin cutar kaɗai yake kashewa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, sauro ya kai su gidan maƙwabci. Bayan mako biyu zazzaɓi ya dawo, a ce taifot ne. Yara da yawa sun tafi a haka, abin yana min ciwo har yau.

Sai a 2005 Najeriya ta koma ACT, wanda tushensa sinadarin da masaniyar kimiyya Tu Youyou da abokan aikinta suka tace daga wani ganye a Sin a 1972. Kwana uku ake shan sa. Yanzu an fara ganin alamun jurewa a Ruwanda da Yuganda, a gidajenmu kuma har yanzu ana ajiye sauran ƙwayoyin a kan firij tun rana ta biyu.