Hukuncin Yoder bai ba kowa izinin ajiye yaro a gida ba

Tun daga ranar 27 ga Yunin 2025, da Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan wasu iyaye Musulmi da Kirista a ƙarar da suka kai hukumar makarantun Montgomery ta jihar Maryland, wata magana take ta yawo a wayoyin ƴan uwanmu mazauna can, wai yanzu duk uban da ya ce addininsa bai yarda da karatun boko ba yana iya cire ɗansa daga makaranta ba wanda zai tanka masa. Masu yaɗa ta suna kafa hujja da wani tsohon hukunci na 1972 da ake kira hukuncin Yoder, wanda alƙalan suka jingina da shi. Lamarin ba haka yake ba, kuma wanda ya yi aiki da wannan jita-jita yana iya tsintar kansa a gaban alƙali.

Shari'ar Yoder ta taso ne daga New Glarus, wani ɗan gari na masu kiwon shanun madara a kudancin jihar Wisconsin, wanda baƙi daga Suwizalan suka kafa a 1845, kuma har yau mutanensa ba su kai dubu uku ba. Garin da ƙauyukan kewaye suna da gundumar ilimi tasu, wato hukumar da mazauna ke zaɓar wakilanta, ita ce ke riƙe da makarantu daga firamare zuwa babbar sakandare da harajin gidaje da gonaki, da kuma tallafin da jiha ke bayarwa gwargwadon yawan ɗaliban da aka ƙirga a Juma'a ta uku ta watan Satumba. A ƙaramar gunduma irin wannan, yaro talatin su tafi ba ƙaramin giɓi ba ne. A shekarun 1960 wasu iyalai ƴan ɗariƙar Amish, Kiristocin nan da ba sa tuƙa mota ba sa jan wutar lantarki gidajensu, suka sayi gonaki a yankin, sannan a 1968 suka buɗe makarantarsu suka kwashe ƴaƴansu daga ta gwamnati, tallafin gundumar ya ragu. A wannan yanayi na tsamin dangantaka aka kai ƙarar iyaye uku, ciki har da Jonas Yoder, saboda ƴaƴansu masu shekara 14 da 15 sun gama aji takwas sun zauna a gona, alhali dokar jihar a lokacin ta wajabta karatu har shekara 16. Kotun yankin Green ta same su da laifi ta ci kowannensu tarar dala biyar.

A ranar 15 ga Mayun 1972 Kotun Ƙoli ta wanke su, amma ta kewaye hukuncin da shinge. Yaran sun riga sun yi shekara takwas a aji, don haka shekara ɗaya ko biyu kaɗai ake jayayya a kai. Iyayen sun nuna cewa al'ummarsu ta yi kusan shekara ɗari uku tana rayuwa a kan wannan aƙida, cewa tana koya wa matasanta noma da sana'a har su riƙe kansu, kuma jihar ba ta musanta gaskiyar imaninsu ba. Alƙalin alƙalai Warren Burger da kansa ya rubuta cewa ƙungiyoyin addini ƙalilan ne za su iya kawo hujja irin wannan, kuma ra'ayin mutum na ƙashin kansa game da boko ba ya shiga ciki. Hukuncin 2025 kuwa bai ma taɓa batun barin makaranta ba: cewa ya yi a sanar da iyaye kafin a karanta wasu littattafan labarai masu batun auren jinsi da sauya jinsi, a kuma ba su damar fitar da ƴaƴansu daga wannan darasi. Yaron yana nan a makarantarsa.

Kowace jiha da dokarta ta wajabta karatu, amma ta Wisconsin ta yau ta ishe mu misali. Ta hau kan duk wanda yaro ɗan shekara 6 zuwa 18 yake hannunsa, uba ne ko uwa ko mariƙi, ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne abin da dokar ke nufi da makaranta. Ba ta ce sai ta gwamnati ba, domin tun 1925 Kotun Ƙoli ta hana jihohi tilasta wa iyaye makarantar gwamnati kaɗai. Uba na iya kai ɗansa makarantar kuɗi ta Musulunci, yana kuma iya koyar da shi a gida, da sharaɗin ya cike takardar sanarwa ta hukumar ilimin jiha duk shekara zuwa 15 ga Oktoba, ya ba da karatun aƙalla awa 875 a shekara, wanda ya haɗa da karatu da rubutu da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa da kiwon lafiya. Ke nan hadda zalla ba ta cika sharaɗin ba, komai yawan sa'o'inta. Wanda ɗansa ke makarantar gwamnati kuma, hukumar gunduma na sakar masa yaron har minti 180 a mako don karatun addini a waje idan ya rubuta takarda.

Hukuncin saɓa dokar ya daɗe da wuce dala biyar. A karon farko tara ce da ba ta wuce dala 500 ba ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba ko duka biyu, a karo na biyu kuma tana kai dala 1,000 ko kwana 90 ko duka biyu. Sai dai masu cewa fashin kwana ɗaya yana kai uba gidan yari su ma sun zuzuta. Yaro yana zama mai yawan fashi a idon doka ne idan ya yi kwana biyar a zango ɗaya ba da uzuri ba, ko da rabin yini ne, kuma kafin a je kotu dole makaranta ta aika wa iyaye takarda, ta nemi zama da su, ta duba ko yaron yana da matsalar koyo. Uban da ya tabbatar cewa yaron ne ya gagare shi, ana sallamar ƙararsa. Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne tafiya gida biki ko ta'aziyya ko Sallah: kwana goma kaɗai a shekara iyaye ke iya ɗaukar wa yaro uzuri da kansu, kuma sai sun rubuta kafin tafiyar.

A ganina akwai ƙamshin son kai a hukuncin na 1972, domin alƙalan sun yi ta yabon ƴan Amish a matsayin manoma masu zaman lafiya da bin doka, abin da da wuya baƙon da ya zo jiya ya samu a bakin kotu. Akwai kuma abin da alƙali William Douglas ya ɗaga shi kaɗai, cewa ana yanke makomar yara ba a tambaye su ko suna son sakandare ba. A cikin yaran uku, ƴar Yoder ce kawai ta ba da shaida cewa ita ma aƙidarta ke nan.