Shirin Tafiya

Shirin tafiya shi ne tanadin da mutum ke yi kafin ya bar gida, tare da dabarun da yake bi a kan hanya, domin ya isa inda ya nufa cikin sauƙi da kwanciyar hankali. Ya ƙunshi takardun shaida, kaya, guzuri, lafiyar jiki da kuma lissafin lokaci. Akasarin abubuwan da ke ɗaga wa matafiyi hankali tun a gida ake iya gano su, kamar fasfon da ya kusa ƙarewa, ko akwatin da ya wuce nauyi, ko ƙarancin tazara tsakanin saukar wani jirgi da tashin wani. Saboda haka yawancin shawarwarin da ake bayarwa a wannan fanni sun fi karkata ga kwanakin da suka gabaci tafiyar, kamar yadda ake cewa mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Tarihi

Kafin zuwan jirgin ƙasa, tafiya mai nisa kan ci makonni ko watanni, kuma babban shirinta shi ne samun abokan tafiya, dabbar ɗaukar kaya, da takardar wani mai iko da za ta sa a bar mutum ya wuce. Ana yawan ambaton wata dokar Ingila ta shekarar 1414, zamanin Sarki Henry na Biyar, a matsayin ɗaya daga cikin wuraren farko da aka yi maganar irin wannan takarda, ko da yake masarautu da dama sun riga ta amfani da makamanciyarta. A ƙarshen ƙarni na 19 mutane sun riƙa ratsa yawancin iyakokin Turai ba tare da an tambaye su fasfo ba, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa gwamnatoci suka tsaurara bincike. A shekarar 1920 aka yi taro a birnin Paris ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka amince da fasfo mai siffar ɗan littafi. A 1980 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta fitar da ƙa'idar fasfon da na'ura ke iya karantawa, sannan a 1998 Malesiya ta fara bayar da fasfo mai ɗauke da bayanai na lantarki.

Tunanin cewa wani zai ɗauke wa matafiyi nauyin shirin gaba ɗaya ana danganta shi da Thomas Cook, wanda a watan Yulin 1841 ya shirya wa mutum kimanin 500 tafiya a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a Ingila. Daga baya kamfaninsa ya ɓullo da takardun biyan kuɗin masauki tun kafin a tashi, da wasu takardun da ake canjawa zuwa kuɗi a ƙasar da aka sauka, domin kada mutum ya yi yawo da tsabar kuɗi masu yawa. Kamfanin American Express ya fito da cakin matafiya a 1891, kuma ya yi tashe kusan shekara ɗari kafin katin banki ya ture shi.

Abin mamaki shi ne yadda akwati mai taya ya makara. Wani Ba'amurke, Bernard Sadow, shi ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1970 ya kuma samu a 1972. An ce tunanin ya zo masa ne a filin jirgin sama, yana fama da manyan akwatuna biyu, ya ga wani ma'aikaci yana tura na'ura mai nauyi a kan katako mai taya ba tare da ko gumi ba. Akwatin nasa yana da taya huɗu da igiyar ja, sai dai yakan kife idan an sha kwana. Robert Plath, matuƙin jirgin sama, shi ya gyara wannan a wajajen 1987, ya tsayar da akwatin a kan taya biyu ya sa masa mariƙi mai zugewa, siffar da har yau ita aka fi gani.

Ita kuwa al'adar rubuta jerin abubuwan da za a duba kafin a tashi, matuƙa jirgi ne suka ba ta daraja. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi a jihar Ohio ta Amurka lokacin gwaji, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe da wasu sassansa ba, alhali matuƙin ƙwararre ne. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa ƙwarewa ba ta hana mantuwa, kuma wannan ne dalilin da ya sa har matafiyin da ya saba ake ba shi shawarar ya rubuta jerinsa a takarda ya riƙa sokewa ɗaya bayan ɗaya.

Takardu

Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare, wasu kuma suna neman shafukan da ba a buga wa hatimi ba, kuma kamfanin jirgi na iya hana mutum hawa saboda haka tun kafin ya ga jami'an shige da fice. Dole sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Wasu ƙasashen suna buƙatar bizar wucewa ko da mutum zai canja jirgi ne kawai. Katin rigakafin cutar shawara yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, kuma tun daga watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na har abada maimakon shekara 10. Mai neman bizar yankin Schengen na Turai sai ya nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Yana da amfani a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a kuma ajiye kwafi a wata jaka dabam da wadda ainihin takardun ke ciki.

Kaya

A nan ne yawancin mutane ke wahalar da kansu. Kamfanonin jiragen sama da dama sun ƙayyade kilo 23 ga babban akwatin da ake miƙawa a kantar awo, da kilo 7 zuwa 10 ga jakar hannu, amma adadin ya bambanta, don haka abin da ke rubuce a tikiti shi ne hujja. Auna kaya a gida ya fi a tsuguna a gaban kantar awo, akwati a buɗe, ana ciro tufafi ana cusawa a jakar hannu, jama'a na layi suna kallo. Tsohuwar dabara ita ce a shimfiɗa duk abin da ake son ɗauka a kan gado, sannan a rage abin da aka ɗauko don ko-ta-kwana kawai. Abubuwa masu nauyi kamar takalma su kasance a ƙasa kusa da taya, domin akwatin ya tsaya daidai.

Magunguna, takardu, kuɗi, caja da tufafin canji na kwana ɗaya wurinsu jakar hannu, saboda babban akwati na iya makara ko ya bi wani jirgin. Batiran ajiyar caji ba a yarda a saka su cikin babban akwati ba, domin idan suka kama da wuta a can babu mai gani, kuma waɗanda suka haura ƙarfin wat-awa 100 sai da izinin kamfani. Tun daga 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari a Birtaniya, aka taƙaita abin ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba, ko da yake wasu filayen da suka sami sababbin na'urorin bincike sun fara sassautawa. Idan kaya suka lalace a tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba fasinja kwana 7 ya kai kuka a rubuce, kuma akwatin da bai iso ba bayan kwana 21 ana ɗaukarsa ya ɓace. Ƙaramar takardar da ake liƙawa a bayan tikiti lokacin awo ita ce shaidar mai kaya, bai kamata a yar da ita ba sai akwati ya zo hannu.

Lokaci

An saba cewa a isa filin jirgi sa'a biyu kafin tafiyar cikin gida, sa'a uku kafin ta ƙetare. Wanda ya sayi tikiti biyu dabam-dabam don canja jirgi ya sani cewa idan na farko ya makara, kamfani na biyu ba shi da alhakin jiransa. Mai tuƙa mota kuwa ana ba shi shawarar hutawa duk bayan sa'a biyu.

Lafiya a hanya

Iskar cikin jirgin sama busasshiya ce, kuma matsinta kamar na wurin da ke da tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ne, shi ya sa ake jin ƙishi da toshewar kunne. Shan ruwa, hamma da haɗiyar yawu suna taimakawa. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa kusan biyu bayan zaman sa'a huɗu, a jirgi ne ko a mota, ko da yake haɗarin ƙarami ne ga mai lafiya. Maganinsa miƙewa lokaci-lokaci da motsa ƙafafu. Jiri da tashin zuciya suna zuwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa da abin da cikin kunne ke ji na motsi, don haka kallon nesa ya fi karatu ko duban waya.

Wanda ya ƙetare yankunan lokaci da yawa, wato ya je inda agogo ya bambanta da na gida da sa'o'i masu yawa, agogon jikinsa kan rikice, barci ya zo da rana ya ƙaurace da dare. Ana ƙiyasta cewa jiki na buƙatar kusan kwana ɗaya ga kowace sa'a ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi ta yamma wuya. Fita cikin hasken rana a lokacin da ya dace shi ne abin da aka fi amincewa da shi. Masana sun saɓa kan amfanin ƙwayar melatonin da ake sha don daidaita barci, dokokin sayar da ita ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Kuɗi da waya

Ana raba kuɗi da katunan banki wuri biyu, a kuma sanar da banki kafin a fita ƙasa. Nau'o'in soket sun kai kusan 15 a duniya, ƙarfin lantarki kuma a wasu ƙasashe bolt 100 zuwa 127 ne, a wasu 220 zuwa 240. Adireshin masauki yana da kyau a rubuta shi a takarda, domin waya na iya mutuwa a daidai lokacin da jami'i ko direba ya tambaya.

Abubuwan da ake saɓani a kai

Babu matsaya guda kan ranar da tikiti ya fi araha, domin farashi na canjawa gwargwadon buƙata. Haka nan ana jayayya kan naɗe tufafi ko ninke su. Masu naɗewa sun ce ya fi rage wuri, masu ninkewa kuma sun ce manyan riguna sun fi fita ba tare da yamutsewa ba.