Tsohon Garin Edinburgh

Tsohon Garin Edinburgh shi ne ɓangare mafi daɗewa na Edinburgh, babban birnin Scotland, wanda ke kudu da mashigin ruwan Forth a gabashin ƙasar. An gina shi a kan wani dogon tudu da ya gangaro daga fadar da ke kan dutse a yamma zuwa fadar Holyroodhouse a gabas. Titi ɗaya ne ya haɗa fadojin biyu, ana kiransa Royal Mile, tsawonsa wajen kilomita 1.8. Daga dama da hagunsa ƙananan lunguna ke gangarawa, kamar ƙayoyin kifi a jikin ƙashin bayansa. A 1995 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, tare da Sabon Gari da ke arewa da shi.

Shimfiɗar ƙasa

Dutsen da fadar ke kai ragowar wani dutse mai aman wuta ne da ya mutu fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, tarinta ya riƙa turowa daga yamma yana kankare ƙasa mai laushi. Dutsen ya gagare shi, sai ya kare ƙasar da ke bayansa, kuma wannan ƙasa ce tudun da gari ya zauna a kai. Ta ɓangarori uku dutsen a tsaye yake, ta gabas kawai ake hawansa cikin sauƙi. A kwarin arewa an datse ruwa a ƙarni na 15, ya zama tafkin Nor Loch mai tsare garin. A kwarin kudu kasuwar Grassmarket da titin Cowgate suke.

Tarihi

Masu tonon kayan tarihi sun sami alamun zaman mutane a kan dutsen tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya ya zama sansanin ƙabilar Gododdin, waɗanda ke kiransa Din Eidyn. Ana zaton mayaƙan Northumbria, wata masarauta da ke kudu da shi, sun ƙwace shi wajen 638, kuma ya koma hannun sarakunan Scotland a tsakiyar ƙarni na 10.

Da Sarki David na I, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153, garin ya sami siffarsa. Shi ya gina ƙaramar majami'ar da ke ƙololuwar dutsen don tunawa da mahaifiyarsa, Sarauniya Margaret, wadda ta rasu a wurin a 1093. An gina ta wajen 1130, kuma ita ce gini mafi tsufa da ya saura a birnin. A 1128 ya kafa gidan ruhubanawa na Holyrood a gindin tudun. Ruhubanawan suka sami izinin kafa nasu garin a kan hanyar da ta haura zuwa Edinburgh, wato Canongate, wanda ya riƙe hukumarsa daban har zuwa 1856. Ke nan titin da baƙo ke gani ɗaya a yau garuruwa biyu ne a da, da ƙofa a tsakaninsu.

Fadar kan dutse ta sha sauya hannu a yaƙe-yaƙen Scotland da Ingila. Edward na I na Ingila ya kama ta a 1296. A 1314 Thomas Randolph da 'yan mutane kaɗan suka hau bangon dutsen cikin dare suka ƙwato ta, sai Sarki Robert Bruce ya sa aka rushe gine-ginenta don kada Ingila ta sake fakewa a ciki, aka bar majami'ar Margaret. Zuwa ƙarni na 15 an ɗauki Edinburgh a matsayin babban birnin masarautar.

A 1513 sojojin Ingila suka karya na Scotland a Flodden, Sarki James na IV ya mutu a fagen fama. Tsoron mamaya ya sa mutanen gari suka fara sabuwar ganuwa, wadda ba a gama ba sai wajen 1560, kuma ba ta hana sojojin Sarki Henry na VIII na Ingila ƙona garin a 1544 ba. Tasirinta a kan gini ya fi tasirinta a yaƙi. Mutane na ƙaruwa, fili a cikin ganuwa ba ya ƙaruwa, sai aka koma ɗora bene kan bene. Wasu gidajen sun kai hawa goma ko fiye, musamman na bakin gangare, waɗanda ta baya suke da hawa fiye da ta gaba. A bene ɗaya ake samun alƙali ko attajiri a hawan tsakiya, mai shago a ƙasa, leburori a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da na can ƙarƙashin rufi, dukansu da matakala ɗaya. 'Yan ga-ruwa ke haura da ruwa daga rijiyoyin titi, da dare kuma a watso ƙazanta ta taga. Annoba ta sha shiga garin, mafi muni ita ce ta 1645.

Shekarun da Sarauniya Mary ta yi a Holyroodhouse, daga 1561 zuwa 1567, sun fi kowane zamani jan hankalin baƙi. Ita 'yar Katolika ce, ta dawo daga Faransa ta iske ƙasarta ta koma ɗariƙar Furotesta, John Knox kuma yana wa'azi a majami'ar St Giles yana sukarta. A ranar 9 ga Maris 1566 wasu manyan ƙasa, da haɗin bakin mijinta Lord Darnley, suka fizgo magatakardanta David Rizzio daga ɗakin da take cin abinci suka kashe shi da wuƙaƙe, alhali tana da ciki. A watan Yuni ta haifi James na VI a wani ɗan ƙaramin ɗaki a fadar kan dutse. Shi ne ya gaji sarautar Ingila a 1603, ya koma Landan, bai sake zuwa Scotland ba sai sau ɗaya, a 1617. A 1707 majalisar dokokin Scotland ta amince da haɗewa da Ingila, ta rushe kanta. Har yanzu masana na jayayya kan rawar da kuɗi da matsin tattalin arziki suka taka a wannan ƙuri'a. A 1745 Charles Edward Stuart, mai neman maido wa gidansu sarautar Birtaniya, ya shiga garin da mayaƙansa ya sauka a Holyroodhouse, amma fadar kan dutse ba ta miƙa wuya ba.

Garin ya rasa sarki da majalisa, amma kotuna da coci da jami'a sun zauna. Jami'ar, wadda aka ba takardar kafuwa a 1582, ta shahara da koyar da aikin likita a ƙarni na 18. A waɗannan lunguna masu cunkoso masanin falsafa David Hume ya zauna, a Canongate kuma masanin tattalin arziki Adam Smith ya ƙare rayuwarsa a 1790, kabarinsa na maƙabartar cocin unguwar. A lungun Anchor aka buga kundin Encyclopaedia Britannica na farko tsakanin 1768 da 1771. Biyu daga cikin ɗaliban likitancin jami'ar sun ƙare a ƙasar da ta zama Najeriya: Mungo Park, wanda ya halaka a kogin Kwara kusa da Bussa wajen 1806, da Walter Oudney, wanda ya rasu kusa da Katagum a 1824 yana kan hanyar Kano tare da Hugh Clapperton.

Lalacewa da farfaɗowa

A 1767 hukumar gari ta amince da taswirar James Craig ta Sabon Gari. Aka janye ruwan Nor Loch, aka gina gada zuwa arewa, masu hali suka riƙa ƙaura zuwa faffaɗan tituna. Tsoffin benaye suka koma hannun talakawa, aka tsattsaga ɗakuna don haya, daga baya masu gudun yunwa daga Ireland suka cika Cowgate. Gobarar 1824 ta cinye babban yanki kusa da St Giles. A 1828 William Burke da William Hare suka kashe mutum 16 a unguwar West Port suna sayar da gawarwakin ga wani malamin fiɗa. A 1861 wani tsohon bene a High Street, wani sashe na Royal Mile, ya rufta ya kashe mutum 35, abin da ya kai ga naɗa Henry Littlejohn jami'in lafiyar birni na farko a shekara ta gaba. Dokar gyaran gari ta 1867 ta sa aka rushe lunguna da yawa, aka yanka sababbin tituna.

Cewa garin bai ɓace gaba ɗaya ba, masanin tsara birane Patrick Geddes na da babban kaso a ciki. A 1886 ya tare da matarsa a James Court, tsakiyar talakawa, ya fara shara da fenti da gyaran tsakar gida, yana jan maƙwabta. Ra'ayinsa shi ne a cire abin da ya ruɓe kawai, a bar sauran da mutanensa a ciki. Gidajen Ramsay Garden da ke gab da fadar aikinsa ne.

Wuraren gani

A fadar kan dutse akwai kambi da takobi da sandar mulkin Scotland. An sake ƙera kambin a 1540. Bayan haɗewar 1707 an kulle su a akwati, sai a 1818 aka buɗe a gaban marubuci Walter Scott. Akwai kuma babbar igwar Mons Meg, da aka ba James na II kyauta a 1457. Tun 1861 ake harba wata igwa da ƙarfe ɗaya na rana, ban da Lahadi da wasu ranakun bukukuwa, asali don jiragen ruwa su saita agogo.

In an gangaro akwai Gladstone's Land, bene na ƙarni na 17 da aka mayar da shi kamar yadda yake, wanda ya fi ko'ina nuna yadda ake zama a da. Sai St Giles da hasumiyarta mai siffar kambi, da lungun Mary King da ya koma ƙarƙashin ƙasa lokacin da aka yi gini a kansa a shekarun 1750. Labarin cewa an toshe masu annoba a ciki har suka mutu ba shi da hujja. A gindin titin, ginin sabuwar majalisar dokokin Scotland da aka buɗe a 2004 yana fuskantar Holyroodhouse, bayansu kuma dutsen Arthur's Seat ne mai tsayin mita 251. Gidan tarihi na ƙasa yana titin Chambers, a nan aka ajiye gawar Dolly, tunkiyar da masana kimiyya suka samar daga ƙwayar halittar wata tunkiya.

Ziyara

A awa ɗaya ana iya taka Royal Mile daga sama zuwa ƙasa, amma mai yin haka bai ga lunguna ba, kuma a cikinsu tsohon garin ya fi saura. Kwana biyu ko uku sun isa a gan shi a natse. Ya fi dacewa a fara da fadar kan dutse da safe, da tikitin da aka saya tun kafin ranar, sannan a riƙa gangarowa, a bar Holyroodhouse da hawan Arthur's Seat zuwa wata rana. Ana rufe Holyroodhouse idan sarki ya sauka, galibi a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Shiga gidan tarihi na ƙasa da majalisa kyauta ne.

Titunan na daɓen dutse ne, matakalu kuma na da yawa, don haka tsofaffi da masu ciwon gwiwa gara su bi ta gadoji maimakon lunguna. Iska da yayyafi na zuwa a kowane wata. A Agusta, lokacin bukukuwan wasanni da aka fara a 1947, titin na cika maƙil, kuɗin masauki kuma ya hau. Mayu da Yuni da Satumba sun fi sauƙi. A Yuni rana na kaiwa wajen ƙarfe goma na dare kafin ta faɗi, a Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, abin lura ga mai sallah da mai azumi. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1998, yana Potterrow kusa da jami'a, da wuraren cin abincin halal a kewayensa.

Tashar jirgin ƙasa ta Waverley na kwarin da ke tsakanin tsohon gari da sabo. Daga Landan tafiyar wajen awa huɗu da rabi ce, daga Glasgow kusan awa ɗaya. Motocin bas da jirgin ƙasa na cikin gari na kawo fasinja daga filin jirgin sama.

Yawan baƙi na haddasa muhawara. Mazauna na kukan cewa gidajen haya sun koma masaukin kwana biyu, shaguna kuma sun koma na tsaraba, masu sana'ar kuwa na nuna ayyukan yi da baƙin ke samarwa. A 2025 majalisar birnin ta amince da harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin masauki, daga Yulin 2026.