Me ake nufi da katun mai koyarwa?

A shagunan tura fina-finai na Agege da Idi-Araba da ke Legas, yanzu ba wuya ka ji uwa ta miƙa waya ta ce, "Malam, a sa wa yara katun, amma mai koyarwa." Sau da yawa mai shago ya tura duk abin da ya ga yana da launi da tsalle-tsalle, a rabu a haka.

Katun mai koyarwa shi ne zane mai motsi da aka fara tsara darasinsa kafin a ƙirƙiri labarinsa. Masu shirin su zauna su zaɓi abin da suke so yaro ya tashi da shi, ko ƙirga, ko haruffa, ko sababbin kalmomi, sannan a ɗinka labari a kai. Wanda ya fi jan yara shi ne mai jarumi ɗan alkyabba, mai tashi sama, wanda yaranmu ke kira ekta, abokin karawarsa kuma bos.

Misali shi ne WordGirl, wanda tashar PBS Kids ta Amurka ta fara nunawa a 2007. Yarinya ce 'yar makaranta da ta zo daga wata duniya, tana da ƙarfi da gudu, amma babban makaminta sanin kalmomi. Kafin labari ya fara, sai a faɗa wa yaro kalmomi biyu da zai saurara. Daga nan bos ya furta ɗaya, ko ya kwafsa wajen amfani da ita, jarumar ta tsaya tsakiyar faɗa ta gyara masa. Kalmar ta sake fitowa a bakin wani, ta sake fitowa a wani yanayi daban. Yaro bai haddace komai ba, ya ga kalmar tana aiki ne a gaban idonsa, kuma yana son jarumar, don haka yake kwaikwayon bakinta. Da wannan ake gane na gaske: in aka cire kalmar labarin ya tafi daidai, to katun ne kawai, an manna masa sunan ilimi.

Sai dai a Legas akwai wata magana. Yaron da ya taso a Mile 12 yana jin Turanci a makaranta, buroka da Yarbanci a layi, Hausa kuwa sai a tsakar gida. Yawancin waɗannan katun da Turanci suke, wato suna ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. Za ka tarar yaro ya san sunan bakan gizo da Turanci, ka ce masa "bakan gizo" ya tsaya yana kallonka. Ni a ganina ba laifin katun ba ne. An rasa mai zama kusa da shi ne, wanda zai ce, "To Abba, me ake ce wa wannan da Hausa?" Kalmar da yaro ya maimaita wa mutum ta fi zama a kansa fiye da wadda ya ji daga waya shi kaɗai.

Batun lokaci kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, kuma ba ta ware katun mai koyarwa daga wannan lissafi ba.