Ɗalibin Sifaniyanci da bukukuwan gargajiyar Sifaniya

Wanda ya je Salamanca ko Granada ko Valencia koyon Sifaniyanci da wuya ya yi wata biyu ba a rufe titi an kafa kiɗa a kusa da shi ba. Kusan kowane gari da ƙauye yana da nasa biki, wanda suke kira fiesta, galibi don tunawa da wani waliyyin Katolika.

Wane biki ne ya fi amfanar mai koyon harshe?

Ba lalle wanda ya fi suna ba. Ɗauki Tomatina ta garin Buñol, inda ake jifan juna da tumatir na awa guda a Larabar ƙarshe ta Agusta. An faro ta a 1945, amma tun 2013 sai da tikiti ake shiga, kuma baƙi sun cika wurin har ka fi jin Turanci. Za ka dawo jajir, bakinka bai ƙaru da komai ba. Bikin ƙaramin gari ya fi: a can ne dattijuwa za ta ja maka kujera, ta tambaye ka daga ina kake, ta gyara maka magana ba tare da kunya ba. Idan mai gidan da kake haya ko abokin karatu ya ce ka biyo shi ƙauyensu, ko ƙungiyar abokan biki da suke kira peña, kada ka yi sanya.

Me ake ƙonawa a Valencia, kuma don me?

Fallas ke nan, daga 15 zuwa 19 ga Maris. Kowace unguwa tana da ƙungiyarta da ke tara kuɗi duk shekara, ta ɗauki masu sana'a su gina manyan mutum-mutumi na katako da kwali da soso, wasu sun kai tsayin gidan bene. Yawanci shaguɓe ne ga 'yan siyasa da fitattun mutane. Daren 19 ga wata, ranar San José, sai a cinna musu wuta duka, 'yan kwana-kwana na tsaye suna watsa wa bangon gidaje ruwa. Ɗan mutum-mutumin da jama'a suka zaɓa da ƙuri'a ne ake yi wa afuwa a kai shi gidan tarihi. An ce asalin abin kafintoci ne da ke ƙona tarkacen itace idan sanyi ya wuce. UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Abin da ke firgita baƙo shi ne mascletà. Tun daga 1 ga Maris, kullum ƙarfe biyu na rana, ana tayar da albarushi a dandalin majalisar gari na 'yan mintuna. Ba don ido ake yinsa ba, don ƙara: sai ka ji ƙasa na rawa, ƙirjinka na amsawa. 'Yan gari za su ce ka ɗan buɗe baki, kada ka toshe kunne da yatsa. Wani abu kuma: rubutun barkwancin da ke jikin mutum-mutumin galibi da harshen Valencia ne, ba Sifaniyancin aji ba. Wannan ma dalilin tare wani ne ka ce "¿Qué significa?", wato me wannan ke nufi.

Su wane ne masu dogayen huluna masu tsini da rufaffiyar fuska?

Nazarenos ne, masu neman tuba, a makon da ke gabanin Ista, wato Semana Santa. A Sevilla da Málaga abin ya fi girma. Ƙungiyoyin coci suna fito da manyan gadaje ɗauke da siffofin addininsu, ƙarti a ƙasa suna ɗauke da su a wuya ko a kafaɗa. Ga masu shi ibada ce, saboda haka wanda ya tsaya kallo, ko ba addininsa ba ne, ya yi shiru inda aka yi shiru, kuma kada ya ratsa jerin gwanon.

Feria de Abril fa?

Bikin Afrilu ke nan, kamar mako biyu bayan Ista ake yinta a Sevilla. A 1847 kasuwar dabbobi ce, yanzu dawakai da kekunan doki da rawar sevillanas ne suka gaje ta. Akwai rumfuna fiye da dubu, casetas, amma mafi yawansu na iyalai ne da ƙungiyoyi, sai da gayyata. Akwai 'yan kaɗan na kowa da kowa. Ka nemi inda suke tun kafin ka fita.

In shiga gudun bijimai na Pamplona?

A'a. Ana sakin bijimai shida kullum ƙarfe takwas na safe daga 7 zuwa 14 ga Yuli, a lungunan da tsawonsu bai kai kilomita ba. Duk shekara ana jin raunuka, a 2009 sa ya kashe wani matashi. Kallo daga bayan shinge ya wadatar.

Me ya sa wasu ke shigar Larabawa suna faretin yaƙi?

Moros y Cristianos ke nan, wanda na garin Alcoy a ƙarshen Afrilu ya fi shahara. Ana kwaikwayon yaƙe-yaƙen zamanin Andalus, da Musulmi suka yi mulki a sassan ƙasar daga 711 zuwa 1492. Na Alcoy yana tuna karon 1276 da jagoran Musulmi Al-Azraq. Ranar ƙarshe Kiristoci ke karɓe ganuwa. Ɗalibi Musulmi na iya jin wani iri, ko da yake masu shigar Moros ɗin suna alfahari da ɓangarensu, kayansu ma sun fi ƙawa. A lura dai: a maganar yau da kullum kalmar moro takan zama cin fuska ga mutanen Arewacin Afirka, don haka a bar ta a wurin biki.

Me zan ci, me zan sha?

Naman alade da giya suna ko'ina a waɗannan bukukuwa. Haddace "sin cerdo" da "sin alcohol", ba alade, ba giya. Ka kuma tambayi "manteca", wato kitse, domin wasu kayan zaƙi irin su mantecados da kitsen alade ake yinsu. Wainar ƙwai da dankali, tortilla, da soyayyen kifi sukan fitar da mutum kunya, sai buñuelos na kabewa, wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke, a lokacin Fallas.

A Valencia kuwa za a miƙo maka farin abin sha mai sanyi a ce horchata ne. Kurɓa ɗaya za ka gane shi: kunun aya ne. Suna noma ayar a Alboraya, kusa da Valencia, suna kiranta chufa, suna kuma sayo ƙari daga Nijar da maƙwabtanta. Faɗa wa mai shagon haka, ka ga yadda hira za ta ɓarke.