Awon dutsen shel mai ɗauke da mai da na'urar NMR

NMR hanya ce ta leƙa cikin abu da maganaɗisu da igiyar rediyo, ba tare da an ƙona shi ko an narkar da shi ba. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka gano ta a ruwa da daskararrun abubuwa a 1946, suka samu kyautar Nobel a 1952. Ana sanya samfuri a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a buga masa igiyar rediyo, sannan a saurari amsar da cibiyar ƙwayoyin zarra na haidirojin ko kabon za su mayar.

Dutsen shel dutse ne mai falle-falle da ya samo asali daga laka; irinsa mai ba da mai ba ɗanyen mai ne a cikinsa ba. Abin da ya ƙunsa shi ne kerojin, daskararren ragowar tsirrai da ƙananan halittun ruwa, wanda sai an gasa shi yake ba da mai. Akwai shi jingim a yankin Green River na jihohin Kolorado da Yuta da Wayomin a Amurka, haka ma a Estoniya. Tsohon awo, wato gwajin Fischer, shi ne a niƙa giram 100 a gasa zuwa digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, a auna man da ya tsatso. Samfurin kuwa ya tafi ke nan.

A nan NMR ta yi rana. Kerojin ba ya narkewa a sinadaran da aka saba, don haka ake cusa garin dutsen a ɗan bututu, a karkata shi digiri 54.7 daga layin maganaɗisun, ya riƙa juyawa sau dubbai a daƙiƙa guda har amsar kabon-13, wato nau'in kabon da NMR ke iya ji, ta fito sarai. Amsar tana rarrabe kabon mai jerin sarƙa da kabon mai siffar zobe. Aikin Francis Miknis da Gary Maciel a Amurka ya nuna cewa mai jerin sarƙar ne yake komawa mai idan ya sha wuta, mai zoben kuma galibi gawayi yake zama. Wannan babban abu ne, domin duwatsu biyu na iya zuwa ɗaya a yawan kabon, amma man da za su bayar ya sha bamban.

Akwai kuma ƙananan na'urori da ke auna saurin mutuwar amsar haidirojin. Ta ruwa da mai tana ɗan jimawa, gwargwadon faɗin ƙananan ramukan da ke cikin dutsen. Ta kerojin kan ɓace kafin ƙiftawar ido, har na'ura mai rauni ta kasa kama ta. Ma'adinai masu ƙarfe a jikin dutsen ma sukan dagula amsar.