Bashin karatu na NELFUND: yadda ake ci da yadda ake biya

A ranar 3 ga Afrilun 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibai bashin karatu, wadda ta maye gurbin ta 2023. Tsohuwar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka. Ɗan talaka a ina zai samo babban ma'aikaci ko lauya ya sa masa hannu? An soke duka biyun.

Yanzu ɗalibin jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi ta gwamnati zai iya nema ta intanet da lambobinsa na NIN, BVN da JAMB. Kuɗin rajista ba ya bi ta hannunsa, NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin, shi ke tura wa makaranta kai tsaye. Abin da ke faɗawa asusunsa na banki shi ne naira 20,000 ta kashewa duk wata, in ya nema. Ita ma bashi ce, ba kyauta ba, kuma nan ne da yawa ke kuskuren fahimta.

Babu kuɗin ruwa, don haka masu tsoron faɗawa riba hankalinsu ya kwanta. Ba za a bi ka bashin ba sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinka. Wanda ya rasu an yafe masa.

Sai dai rashin kuɗin ruwan nan akwai mai ɗaukar nauyinsa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, don haka kuɗin da za su dawo bayan shekara bakwai ko takwas ba za su yi rabin aikin da suka yi ba. Giɓin yana kan masu biyan haraji, domin dokar ta ware wa asusun kashi 1 cikin 100 na harajin da tarayya ke tarawa. Ga kuma matsalar wanda ya gama ya koma kasuwar Kwari ko tuƙin adaidaita sahu, ba shi da albashin da za a yanka.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin tun farko, tana cewa tallafi ya kamata a bayar, a kuma zuba kuɗi a jami'o'in kansu. Tana da hujja, domin a 2023 ɗin ne jami'o'in tarayya irin su Bayero da ta Maiduguri suka ƙara kuɗin rajista.